Jelar Igiya a Gwafar Maɗaci

Tun ranar da Auta ta fara hawa bishiya da igiya, Baba ya gindaya mata sharaɗi ɗaya, a gaban Yaya da Kawu don kada wani ya ce bai ji ba. Ya ce, "Ranar da aka sauko da ke, mutum ne ya sauko da ke ko tsanin hukuma, ranar kin gama. In kulle igiyar a akwati, ki ɗauki takardarki ki nemi ofis." Ta ce ta ji. Shekara biyu ke nan, da kanta take hawa, da kanta take sauka.

Baba ya san abin da yake tsoro. Shekara talatin ya yi a sana'ar saran bishiya yana hawa ba takalmi, igiya ɗaya a ƙugu, har ranar da wani ruɓaɓɓen reshe ya yaudare shi. Tun daga nan ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi. Yaya ƙato ne, yana ɗaga gungumen da mutum biyu ke nishi a kansa, amma da ya wuce mataki na shida a tsani sai duniya ta fara juya masa. Kawu kuwa direba ne, bayan sitiyari bakinsa ne kayan aikinsa. Don haka da Auta ta dawo daga makarantar koyon aikin gandun daji da igiyoyi biyu da ɗamarar hawa da hular kwano, ba don an so ba aka bar mata sama. Babu wani ne kawai.

Igiyoyin nan biyu ba sa haɗa aiki. Fara ta kaya ce, da ita ake ɗaure reshe a sauke shi a hankali. Ja ta rai ce. Bakinta ɗaya yana ɗaure a ɗamarar Auta, ta haura ta zagayo wani reshe mai ƙarfi a can ƙoli, ta dawo ta ratsa wani ƙulli a gaban cikinta, saura ya zuba ƙasa. Ƙullin yana cizo in an sakar masa nauyi, yana zamewa in an danna shi. Abin da ya zuba ƙasan shi suke kira jela, kuma daga jelar ake ciyar da sauka: in Auta ta yi ƙasa, jela ta yi sama. Ta faɗa musu har bakinta ya gaji, jelar nan a bar ta a ƙasa, sake, kada a ɗaure ta da komai.

Baba bai taɓa yarda da wannan ba. A wurinsa igiya a ƙasa raini ne, yashi ya cinye ta, mai ya ɓata ta, ƙafa ta take ta. Haka ya taso, haka ya tarbiyyantar da Yaya da dundu da harara.

Aikin ranar wani tsohon maɗaci ne a bayan gidan wata tsohuwar malamar asibiti. Tsakar gidan ƙunci ne da ita, katanga a dama, rufin kwanon ɗakin ajiya a hagu, hanyar shiga kuma wani lungu da ko motarsu ba ta ratsa shi ba. Tun da safe Auta take sama. Ta sauke rassa shida, ta bar guntayensu a jikin bishiyar don ta samu wurin taka ƙafa daga baya. Da hantsi ya ɗaga ta zo kan babban, wanda ya miƙa kan rufin.

A ƙasa, Baba ya ga jelar jan igiyar kwance kusa da galan ɗin mai. Ya dubi igiyar, ya dubi Yaya. Yaya ya naɗe jelar ya wurga ta saman gwafar da bishiyar ta rabu biyu, tsayin mutum uku daga ƙasa, ta rataye a can tsaf. Auta ba ta gani ba, injin zarto yana kuka a hannunta.

Ta ƙare yanka, ta kashe zarton, ta rataye shi a ƙugu. Reshen ya zauna a kan farar igiya yana lilo.

"Yaya, saki. A hankali."

Ya saki a hankali, ba shi da laifi a nan. Amma kan reshen ya taɓi katanga, gindinsa ya juya, ya zame ya faɗa cikin gwafar ya zauna daram, kamar don shi aka sassaƙa ta. Ya danne jar igiya, ya danne farar.

Auta ta ji an fizge ta daga cibiya. Ƙafafunta suka bar reshe, ta tafi a iska, hannunta na hagu ya haɗu da wani guntun reshe da wata ƙara da ta ji har cikin haƙoranta. Ta yi lilo sau uku, sannan ta tsaya.

Da idonta ya washe sai ta ga inda take. Reshen da igiyarta ke rataye yana sama da ita kamar gaba biyu, tsayin mutum biyu ke nan. Jikin bishiyar yana can gefe, ko da ƙafa ba ta kai shi. Ƙarƙashinta rufin kwano ne, yana walƙiya da nisa. Jelar kuwa ta miƙe daga cikinta zuwa gwafar, a ɗaure tamau kamar wayar shanya.

Ta danna ƙullin da hannun dama. Ya zame ɗan yatsa guda ya tsaya. Babu abin da zai ci.

"Auta," muryar Baba ce. "Yi magana."

"Ina ji."

"Ina ya same ki?"

"Hannu ne. Wa ya ɗora jelata a gwafa?"

Ta leƙa ƙasa ta ga hulunan su uku, Yaya yana kallon Baba, Baba yana kallon gungume. Ta gane. Ba ta sake tambaya ba.

Suka fara abin da suka iya. Yaya da Kawu suka rataya a kan farar igiya, gungumen ko gezau. Suka samo sandar ƙarfe ba ta kai ba. Matar gidan ta fito da tabarau a hanci, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka ɗauko tsaninta na gyaran rufi. Da ƙyar kansa ya taɓo gwafar.

"'Yata," in ji ta, "motsa min yatsun hannun."

Auta ta gwada. Wuyan hannun ya riga ya kumbura ya cika safar hannun, yatsun suka ƙi.

"To. Ƙafafun kuma kada ki bar su su yi shiru. Yi ta wutsil-wutsil da su kamar mai tuƙa keke. Mutum ba ya daɗewa a rataye haka jini bai taru masa a ƙasa ba." Ta juya ga Baba. "Na kira 'yan kwana-kwana. Motarsu tana wancan ƙarshen gari, sun ce a ba su minti arba'in."

"Mama, da ba ki kira ba," in ji Auta.

"Gidana ne, 'yata. Ba za ki suma min a kan rufi ba."

Baba bai ce a kira ba, bai ce kada a kira ba. Ya tsaya ya dogara da ƙafarsa mai lafiya. Auta ta san wannan tsayuwar. Maganar da ya yi shekara biyu da suka wuce tana nan a wurinsa kamar jiya, kuma shi mutum ne da ko maganar ta cuce shi ba ya janye ta.

Ta tuƙa kekenta a iska. Ɗamarar ta fara nutsewa cikin cinyoyinta. Dusar katako ta manne mata a wuya da gumi, ɗacin maɗaci yana kan leɓenta, ƙananan tururuwa suna gangarowa ta igiya suna shiga hannun rigarta. Ganyen da zai yi mata inuwa ita ta sare shi da safe. Rana ta same ta sosai.

Sai ta ji tsani yana kuka. Yaya ne yake hawa, idonsa a kan matakan, wuƙa a baki. Ya wuce na shida, ya wuce na takwas, tsanin yana rawa.

"Yaya, me za ka yi?"

Ya cire wuƙar. "In yanke ta nan saman gungume. Ki samu ki zame."

"Kada ka taɓa ta."

"Auta, ni na jawo, bari in gyara."

"Ka saurare ni. In ka yanke, jelar da za ta rage ba ta kai ni ko rabin hanya. Zan zo ƙarshenta ina iska, ƙullin ya fita ta baki, in sauka a kan kwanon Mama. Mayar da wuƙar."

Ya tsaya rungume da tsani, wuƙa a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Sauko, ɗan nan," in ji Kawu. "Mutum ɗaya muke da shi a sama, ya ishe mu. In kai ma ka maƙale, motar ɗaukar kaya za a kira, ba 'yan kwana-kwana ba."

Yaya ya sauko mataki-mataki. Auta ta rufe ido. Ƙafarta ta dama ta fara yin nisa da ita, kamar ta wani ce aka ba ta aro. Da ta buɗe ido sai ta ga Baba zaune a kan wani gungume yana kwance igiyar takalminsa.

"Baba."

Bai ɗago ba. Ya cire ɗaya, ya ajiye shi a gefe da kyau.

"Baba, wallahi in ka sa ƙafa a jikin bishiyar nan, zan kwance ɗamarar."

"Ba za ki kwance ba."

"Gwada ni. 'Yarka ce."

Ya ɗago yanzu. Daga nisan nan ba ta ganin idonsa, amma ta ga hannunsa ya tsaya a kan takalmi na biyu.

"To me kike so in yi? In zauna ina kallo?"

"Eh. Shekara biyu kana yi, ka iya."

Kawu ya yi tari don ya ɓoye dariya. Matar gidan ta dubi agogon hannunta ta ce minti goma sha biyar sun tafi.

Auta ta ɗaga kai ta dubi reshen da ke riƙe da ita. Hanyar ƙasa ta rufe. In tana son igiya, igiyar da ta rage mata ita ce wadda ta haura sama ta dawo. Sai ta je can ta ciro ta, ta rataye ta a wani wuri ƙasa-ƙasa. Gaba biyu ne kawai. Da hannu biyu, kafin Kawu ya gama ba da labari ɗaya ta kai.

Da farko zarton. Ta cire masa maɗaurinsa, ta maƙala shi da ƙugiya a jikin jelar da ke miƙe, ta sake shi. Ya zurara ƙasa yana kaɗawa ya bugi gungumen.

"A hankali da injin nan," in ji Baba, bakinsa ya riga shi.

"Ka ga uba," in ji Kawu. "'Yarsa tana lilo, shi inji yake tambaya."

Maɗaurin ta naɗe shi a jikin igiya saman kanta, zagaye uku, hannu ɗaya da haƙora. Sau biyu yana warwarewa. Na ukun ya ciji igiyar. Ya bar mata wani ɗan zobe yana reto, ta kama gwiwarta ta dama da hannu ta ɗaga ta kamar kaya, ta cusa takalmin a ciki.

Ta miƙe a kan ƙafar. Ta saƙala gwiwar hannun da ya karye a jikin igiya don kada ta kife baya, wani farin abu ya gilma mata a ido. Da hannun dama ta tura ƙullin ɗamara sama. Ta zauna. Ta tura maɗaurin sama. Taki ɗaya ta samu.

"Sama take yi," in ji Yaya. "Baba, sama take yi. Ranar ce ta taɓa ta?"

"Rufe min baki," in ji Baba a hankali. Ya riga ya gane.

Miƙe, saƙala, tura, zauna. Ta ƙirga har bakwai sannan ta daina, don ƙirgar tana nuna mata abin da ya rage. Ta tuna malaminsu na makaranta, wani siririn mutum da ya sa su yin wannan da hannu ɗaya a ɗaure a baya, suna dariya, a kan bishiyar da ba ta fi ɗaki ba. Ta tuna ofishin da Baba yake nufi, ta taɓa zama a cikinsa wata uku lokacin koyon aiki: tebur, fanka mai ƙara, taga mai kallon bango, da wani mutum da yake aiken ta siyo masa ruwa. Ta miƙe. Ta saƙala. Hawaye suna zuba ba da izininta ba, ta bar su, daga ƙasa ba mai gani.

Wani wuri a tsakiya amai ya taso mata, kunnuwanta suka toshe. Ta jingina hular da igiya ta yi shiru.

"'Yata, ƙafafu," in ji matar gidan. "Kada ki yi barci."

"Auta," in ji Kawu, "in kin sauko zan bar miki sitiyari har gida."

"Motarka ba ta da birki, Kawu."

"Tana da shi. Sai an roƙe shi ne."

Ta yi wani abu mai kama da dariya, ta sake miƙewa.

Hular ce ta fara gaya mata ta iso, ta bugi itace. Ta wurga wata gajeruwar igiya da ke rataye a ƙugunta ta zagaye reshen, ta kamo bakin da haƙori, ta maƙala. Ta ja jikinta ta kwanta a kan reshen rub da ciki, kumatunta a kan ɓawo mai zafi. Jini ya fara komawa cinyoyinta kamar ana zuba mata allurai. Ba ta taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

"Saura minti goma," in ji matar gidan, ba da kowa take ba.

Auta ta kwance bakin jar igiyar daga ɗamara, ta zaro ta daga kan reshen, ta mayar ta ɗaure. Yanzu gajeruwar ce kaɗai ke riƙe da ita. Ta ja da baya a kan reshen, a zaune kamar mai hawan jaki, tana jan gajeruwar tare da ita, har bayanta ya taɓa jikin bishiyar. A nan ta zagaya jar igiyar, ta gwada ta da nauyinta, sannan ta saki gajeruwar.

Ta danna ƙullin. Ya zame. Ya ci gaba da zamewa.

Igiyar ta ƙare mata kafin gwafa, kamar yadda ta lissafa, daidai wani guntun reshe da ta bari da safe. Ta tsaya a kansa ta sake komai: maƙala, kwance, zaro, rataya, ɗaure. Ƙullin da take yi ido rufe sai da ta yi shi sau biyu. Daga bakin titi ta ji jiniya ta zo ta tsaya, ta ji ƙofofin mota, ta ji muryoyi suna tambayar lungu.

Ta sauka a kan gungumen da ya danne mata igiya. Kan tsani yana nan gefen takalminta, Yaya kuma yana tsakiyarsa, ya miƙo hannu.

"Kawo hannun. Ko kafaɗata ki taka."

"Sauka, Yaya."

"Auta, kin iso fa. Tsani ne kawai."

"Sauka, ka janye shi."

Ya dubi fuskarta, ya sauka, ya kwantar da tsanin a jikin katanga.

Ta zare injin daga jikin jelar ta rataye shi a wani guntun reshe, sannan ta cire ƙaramin zarton hannu daga kubensa. Igiyar nan ita ta zaɓe ta da kanta, ita take wanke ta a baho ta shanya a inuwa. Ta ɗora haƙoran zarton a kanta dab da gungumen, ja uku ta rabu. Ta ƙulla bakin don kada ya zare daga ƙullin cikinta, ta sake shi ƙasa, ya taɓa ƙasa har da saura. Ta danna ƙullin.

Ƙafafunta sun taɓa ƙasa amma sun ƙi ɗaukarta. Ta zauna a gindin bishiyar, ta ɗaga hannun dama don kada kowa ya matso, ta kwance ƙugiyar da kanta. Sannan ta bar matar gidan ta kama hannun.

Mutum huɗu suka shigo ta lungu ɗauke da dogon tsani, suna haki. Babbansu ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya dubi mutanen.

"Ina wadda ta maƙale?"

Baba yana tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Auta ba ta dube shi ba, tana kallon almakashin da ke yanka safar hannunta.

"Gungume ne ya maƙale," in ji shi. "Ga shi can. Ku yi haƙuri, an wahalar da ku."

Babban ya dubi Auta, ya dubi guntun igiyar da ke reto, ya girgiza kai. Ya tambaya ko a kai ta asibiti, Kawu ya ce da motarsu. Suka juya da tsaninsu, lungun ya sake ba su wahala.

Matar gidan ta ɗaure hannun da katako biyu da bandeji, ta ce karaya ce, sati shida in an yi sa'a. Sannan ta nuna gwafar da haɓa. "Wannan kuma fa? Ba zan kwana da shi a kaina ba har sati shida. Ku nemo wani mai hawa."

"Ba zai motsa ba, Mama," in ji Auta. "Mun gwada shi."

"Za mu tokare shi yau, mu ɗaure," in ji Baba. "Saukewa kuma sai mai hawanmu ta warke. In kina sauri ki nemi wasu, ba zan ji haushi ba."

Matar ta cire tabarau ta goge, ta ce za ta yi tunani.

A lungu Auta ta tsaya ta dafa bango ta yi aman da ta riƙe tun a sama. Yaya ya tsaya nesa kaɗan da gorar ruwa, bai san ko ya matso ba.

"Kawo mana," ta ce. "Kuma injin yana can a rataye. In ka hau ɗauko shi, kada ka kalli ƙasa, ka kalli matakin da ke gaban hancinka."